Rana ce ke ƙona mini mangwaro da tumatir, ko cuta ce?

Mai Lambu, Garun Malam

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Lambu ne mai girman hekta ɗaya a yankin Kadawa, ƙasar jigawa ce mai ɗan laka daga ƙasa, ana ba ta ruwa da rijiyar burtsatse. Akwai mangwaron aure 60, Kent da Julie, masu shekara 4, da lemun zaƙi 40 masu shekara 3. Tsakanin layukan bishiyoyin kuma tumatir ne UC82B da aka dasa ƙarshen Janairu, da kankana Sugar Baby.

Tun daga tsakiyar Maris abubuwa suka fara lalacewa. Mangwaron na yin tabo rawaya a kafaɗa, wasu tabon ya koma ruwan ƙasa ya bushe ya lotsa, ƙananan kuma suna zuba. Lemun gefe ɗaya ke yin rawaya ya taurare, in aka yanka sai a tarar wurin babu ruwa, kuma ɓawon gangar jikin wasu bishiyoyin ya tsage yana ɓarewa. Tumatir furensa na kaɗewa, 'ya'yan na yin farin tabo mai ɓawo siriri, daga baya baƙar fumfuna ta hau wurin, wanda ya nuna ma ba ya yin ja sosai. Kankana samanta ya koɗe. An rage rassan mangwaro da na lemu a Fabrairu don iska ta shiga. An fesa maganin fumfuna, ba a ga canji ba.

Shin cuta ce ko rana? Me zan iya ceta a bana, kuma me zan gyara baɗi? Allah ya saka da alheri.

Malamin Gona

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ajiye maganin fumfuna tukuna, kuɗi kawai yake ci maka. Gobe bayan azahar ka shiga lambun ka duba abu guda: tabon yana wane gefe? In ka ga kusan duk 'ya'yan da suka ɓaci a gefen yamma ko kudu maso yamma suke, a waje-wajen bishiya, kuma tabon yana fuskar da ke kallon rana, na cikin ganye kuwa lafiyarsu ƙalau, to ƙunar rana ce. Cuta ba ta zaɓen gabas ko yamma. Fumfunar da kake gani a tumatir ta zo ne bayan naman wurin ya riga ya mutu, ba ita ta kashe shi ba.

Zafin da ake faɗa a rahoton yanayi na iska ne, a inuwa ake auna shi. Ɗan itacen da rana ke duka kai tsaye yakan fi iskar zafi da digiri 10 zuwa 15, musamman in iska ba ta motsi. Ke nan ranar da aka ce Kano ta kai digiri 40, fatar mangwaron da ke fili tana iya haura 50. Ganye na da ƙananan ƙofofi masu yawa da ruwa ke fita ta cikinsu yana sanyaya shi. Ɗan itace ba shi da su sai kaɗan, ga shi da kauri, don haka yana tara zafi ba ya iya fitar da shi.

An fi yin binciken wannan a kan tuffa a jihar Washintan ta Amurka, kuma an raba ƙunar kashi uku. Alkaluman na tuffa ne, amma yadda abin ke faruwa ɗaya ne a mangwaro, lemu, tumatir da tattasai. Idan fatar ta kai wajen digiri 52, minti 10 ya isa naman ya mutu, wurin ya yi baƙi ko ruwan ƙasa ya lotsa. Wannan shi ne busasshen tabon mangwaronka. Tsakanin digiri 46 da 49, tare da haske mai ƙarfi, naman ba ya mutuwa amma launi na ɓaci, ya yi rawaya ko tagulla, kamar na lemunka da kankana. Na ukun kuwa ba ya bukatar zafi mai tsanani: ɗan itacen da ya taso a inuwa aka buɗe shi ga rana farat ɗaya sai ya yi fari cikin kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya girma a rana tun yana ƙarami fatarsa ta saba, ta tara abin da ke kare ta. Na inuwa bai tara komai ba.

A nan ne rage rassan da aka yi a Fabrairu ya cuce ka. An cire wa 'ya'ya da ɓawo inuwarsu daidai lokacin da bazara ke ƙaratowa. Ɓawon lemu siriri ne, in ya kai irin wancan zafin sai ɗanyen sashen da ke ƙarƙashinsa ya mutu, bayan makonni ya tsage ya ɓare. Askin mangwaro bayan an gama tsinka ake yi, farkon damina. Na lemu ma a bari sai ruwa ya sauka.

Dalilin da ya sa na ce yamma da kudu: Kano na kan layi na 12 arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Agusta har wajen 21 ga Afrilu rana na karkata kudu da tsakar rana, daga nan ta bi ta tsakiyar ka ta ɗan koma arewa. Iska kuma ta fi zafi tsakanin ƙarfe 2 da 4 na yamma, lokacin da rana ta juya yamma. Haɗuwar biyun ce ke sa ɓarnar Maris da farkon Afrilu ta taru a kudu maso yamma.

Don kada ka ruɗe da wasu abubuwa masu kama da ita: cutar baƙin tabo ta mangwaro ɗigo-ɗigo take yi ko'ina a jiki, kuma da laima take zuwa, ba a tsakiyar rani ba. Ƙudan 'ya'yan itace huda yake yi, wurin ya yi laushi, a tarar da tsutsa a ciki. Ƙunar ƙaron mangwaro layi take yi, daga hanci ta gangaro. Baƙin da ke fitowa a gindin tumatir, wato ƙasan inda fure ya faɗi, ba rana ba ce kai tsaye, sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba saboda ban-ruwan da ake yi yau a bari gobe.

Zubar ƙananan mangwaro kuwa, wani sashe ɗabi'arsa ce: a cikin furanni 100 da ƙyar ɗaya ke kaiwa nuna. Amma in masu girman ƙwai ne ke zuba, ƙishirwa ce.

Wanda ya riga ya ƙone ba ya warkewa. Ka tsinke waɗanda suka lotsa ka binne su, kada su zama gidan ƙuda.

Ɗan Fadama

Malamin Gona ya gama da ganewa. Ni zan tsaya kan tumatir da kankana, kuma zan faɗa maka gaskiya, ɗan'uwa: dashen ƙarshen Janairu da UC82B ya makara.

Tumatir na fara fure mako 3 zuwa 4 bayan dashe, ya ci gaba har makonni, don haka yawancin furenka a Maris ya faɗo. Yana ƙulla 'ya'ya yadda ya kamata ne in rana tana tsakanin digiri 21 da 29, dare kuma 15 zuwa 21. Da zarar rana ta wuce 32 zuwa 35, dare ya ƙi sauka ƙasa da 22 ko 24, garin furen na mutuwa ko ya yi kaɗan. Mutane sun fi kallon zafin rana, amma zafin dare ma na kashe fure sosai, shi ya sa Afrilu ta fi Fabrairu muni nesa ba kusa ba. Lokacin da ya fi haɗari shi ne mako ɗaya zuwa kwana 10 kafin furen ya buɗe, lokacin da garin ke haɗuwa a ciki. Furen da ka ga ya kaɗe yau, zafin makon jiya ne ya kashe shi. Ka ɗauki fure ɗaya ka duba da kyau: in ka ga wani ɗan tsinke kore ya leƙo ya zarce rawayen bututun da ke tsakiya, wannan ma aikin zafi ne. Bakin macen ya wuce inda garin zai zubo masa, ba za a yi barbara ba. Maganin fumfuna ba ya gyara wannan.

Rashin ja shi ma daga nan yake. Sinadarin da ke ba tumatir ja yana daina haɗuwa in zafi ya wuce digiri 30 zuwa 32, mai ba da rawaya kuwa yana ci gaba. Sai ka samu tumatir ruwan goro mai rawayar kafaɗa, kuma ƙarancin fotash a ƙasa na ƙara tsananta kafaɗar. Abin yi shi ne tsinka da zarar gindinsa ya fara juyawa daga kore, a baza shi layi ɗaya ko biyu a wuri mafi sanyi da kake da shi, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ko azara, ba mai kwano ba. Tumatir ba ya bukatar haske kafin ya nuna. Barin sa a jikin uwa har ya yi ja a wannan watan ƙarin kwanaki ne kawai a rana.

Farin tabon kuwa, ka duba ganyen tumatirin. UC82B gajere ne, in 'ya'ya suka yi nauyi rassan na buɗewa su kwanta, tsakiya ta zama fili. Masu tsinka ma suna juya rassa su bar su a juye, washegari duk abin da aka buɗe ya yi fari. Ka gaya wa ma'aikata su mayar da kowane reshe yadda suka same shi. Sannan ka juya bayan ganye ka duba ko akwai jajayen ƙwari ƙanana kamar ƙura masu ɗan saƙa irin ta gizo-gizo. Zafi da ƙura ne lokacinsu, suna busar da ganye, ganye na zuba kuwa 'ya'ya sun shiga rana. Haka tsutsar nan mai haƙa cikin ganye da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016. Duk abin da ya ci ganye, ƙunar rana na biye da shi.

Inuwa na taimakawa, amma da awo. Ragar inuwa mai tare kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na haske ita ce ta tumatir da tattasai. Mai kashi 50 ta wurin reno ce, mai 70 ko 80 kuwa sai shukar ta yi tsawo ta rame ta ƙi fure. A ɗaga ta aƙalla mita 2 daga ƙasa, a bar gefuna a buɗe, in ba haka ba zafi zai taru a ƙarƙashi. Zana ba ta dace da rufin sama ba, duhunta ya yi yawa. Amfaninta shi ne a tsayar da ita kamar danga a yammacin fangali, ta tare rana daga bayan azahar. Mai arha a cikinsu ita ce masara: layi biyu daga arewa zuwa kudu bayan kowane layi 4 ko 5 na tumatir, a shuka ta mako 3 zuwa 4 kafin dashe. Sai dai a ƙara ruwa da taki, don ita ma ci take yi.

Kankana: Sugar Baby baƙar fata gare ta, ta fi masu haske irin Kaolack ɗaukar zafi. Ɓarnar ta fi yawa a makonni biyun ƙarshe, lokacin da ganyen da ke kusa da gindi ya fara tsufa. Ka ɗora wa kowace ƙwarya damin busasshiyar ciyawa ko karan shinkafa cikin hannu ɗaya, sako-sako yadda iska za ta ratsa. Kada a rufe da leda, dafa ta za ta yi. Kada kuma a juya kankana, farin cikin nan da ya kwanta a ƙasa yini ɗaya ya ishe shi ƙonewa. Furen macen kankana safiya ɗaya yake buɗewa, ƙudan zuma ke yi masa barbara kafin hantsi ya yi zafi, don haka duk feshin ƙwari ya koma bayan la'asar sakaliya.

Baɗi ka yi reno a Satumba ko farkon Oktoba, ka dasa kafin tsakiyar Nuwamba, fure ya faɗo cikin hunturu. In tsadar Afrilu da Mayu kake hari, to sai da irin da aka ƙirƙira don jure zafi, mai yalwar ganye, tare da raga. Ka gwada iri biyu ko uku a fangali kaɗan kafin ka zuba kuɗi a gona duka.

Mai Lambu, Garun Malam

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na duba, tabon duk a yamma yake kamar yadda Malam ya ce. Saura tambaya uku. Ruwa nawa ya kamata kowace bishiya ta samu? Yanzu bokiti ɗaya ake zuba wa kowace a gindi kullum da safe. Me zan shafa wa lemun da ɓawonsa ya tsage? Sannan an ce akwai farar ƙasa da ake fesa wa 'ya'yan itace, gaskiya ne?

Injiniyan Ban-ruwa

Alhaji, bokiti ɗaya kullum a gindi ya haɗa kuskure biyu: ruwan ya yi kaɗan, kuma ba a inda saiwa take ake zuba shi ba.

A Maris da Afrilu a ƙasar Kano, rana da iska na ɗauke ruwa kimanin milimita 7 a yini, wasu ranakun fiye. Milimita ɗaya daidai yake da lita ɗaya a kowace murabba'in mita. Bishiya na shan wajen kashi uku cikin huɗu na wannan, wato lita 5 zuwa 6 a kowace murabba'in mita ta inuwarta. Ka auna faɗin inuwar da tsakar rana, ka ninka shi da kansa, ka sake ninkawa da 0.8, ka samu filin. Mangwaro mai faɗin mita 3: 3 sau 3 sau 0.8, murabba'in mita 7 da ɗoriya, ke nan lita 35 zuwa 45 a yini. Lemu mai faɗin mita 2: murabba'in mita 3 da ɗoriya, lita 16 zuwa 20, amma ƙaramar bishiya da fili ya kewaye ta iska mai zafi na bugunta ta ko'ina, don haka ka kai shi 25. Bokitinka bai wuce lita 15 ko 20 ba.

Kada a ba da shi kullum kaɗan-kaɗan. A jigawa ka tara na kwana 3 ka zuba lokaci ɗaya: mangwaro lita 120, kusan jarka 5 mai lita 25, lemu jarka 3. A ƙasa mai laka ana iya kai kwana 5 zuwa 7. Ruwa kaɗan na jiƙa saman ƙasa ne kawai, saiwa ta taso sama tana nemansa, can kuwa ƙasar da ba a rufe ba kan wuce digiri 55 da tsakar rana, sai ƙananan saiwoyin su mutu. Washegarin ban-ruwa ka soka rodi a ƙasa. Zai shige da sauƙi iya inda laima ta kai, ya tsaya a busasshiya. Kana son ya shiga santimita 50 zuwa 60.

Saiwar da ke shan ruwa tana ƙarƙashin bakin inuwa, inda ruwan sama ke ɗigowa daga ganye. Ka yi zobe biyu: ƙaramar kunya mai nisan santimita 30 zuwa 40 daga gangar jiki don ta hana ruwa taɓa ta, da babbar kunya a bakin inuwa. Tsakaninsu ake cikawa. A lemu wannan wajibi ne, domin ruwan da ke kwanciya a gindi na kawo ruɓar da ke sa ɓawo fitar da ƙaro, bishiyar da rana ta riga ta tsaga kuwa ƙofa ce a buɗe. Kuma a riƙe tsari ɗaya. Lemu da tumatir da suka sha ƙishirwa sannan aka cika su da ruwa, cikinsu na kumbura fiye da yadda ɓawo zai miƙe, sai su fashe.

Bayan ruwa sai rufin ƙasa: karan shinkafa, busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, kaurin santimita 8 zuwa 10, daga ƙaramar kunya har bakin inuwa. A bar tazarar taƙi guda daga gangar jiki saboda gara da ruɓa, a riƙa ɗagawa ana dubawa. Buntun shinkafa in ya yi kauri yana hana ruwa shiga, a gauraya shi da ciyawa.

Lokacin ban-ruwa kuwa, da asuba ko da yamma. Maganar da ake yi cewa ɗigon ruwa a ganye na tara hasken rana ya ƙona shi ba ta da tushe. Abin da ya sa ba a so da tsakar rana shi ne asarar ruwa, da kuma ruwan da ya daɗe cikin baƙin tiyo a rana, wanda na farkonsa kan fito da zafin da zai illata dashe. A bar shi ya zuba gefe har ya huce. A manyan gonakin tuffa na waje ana yayyafa ruwa ta sama don sanyaya 'ya'ya, amma wannan na bukatar ruwa mai tsabta da injin da ba ya tsayawa. In ruwan burtsatsenka na da kanwa-kanwa, zai bar gishiri a ganye ya ƙona bakinsa.

Mangwaro ka ci gaba da ba shi har saura mako 2 zuwa 3 a tsinka, sannan ka rage don zaƙi ya taru. Kada ka zuba yuriya yanzu a busasshiyar ƙasa, saiwa za ta ƙone, sabon tohon da za ta fitar kuma rana ce za ta cinye shi.

Hajiya Mai Renon Dashe, Maradi

Sannunku da ƙoƙari. Ɗana, batun ɓawo da farar ƙasa zan amsa.

Gangar jiki da manyan rassan da suka fito fili a shafe su da fari yau, kada a jira. Fentin ruwa fari, kashi ɗaya fenti kashi ɗaya ruwa, a shafa da buroshi daga ƙasa har inda ganye ya fara rufewa, har da saman rassan da ke kallon sama. Fentin mai ba ya cikin lissafi, toshe ɓawo yake yi ya kashe shi, haka baƙin mai da kwalta da wasu ke shafa wa ciwon bishiya. Farar ƙasa ta shafen gini ma tana yi, sai dai a jiƙa ta ta kwana ta huce sarai kafin a shafa, kuma damina na wanke ta, sai an sake kowace shekara. Inda ɓawo ya riga ya ɓare, a kankare mataccen da wuƙa mai tsabta har bakin ɗanye, a shafa maganin fumfuna mai tagulla, ya bushe, sannan fenti. In tsagar ba ta kai rabin zagayen gangar ba, bishiyar na iya rufe ta a hankali. In ta kusa zagayewa, a shirya wani dashen. Ƙananan dashe kuma a kewaye su da karan dawa ko guntun zana ta yamma da kudu, kada ya manne da jiki.

Abin da aka gaya maka na feshi gaskiya ne, kawolin ake ce masa, farin yumɓu ne. Yana barin farin lulluɓi da ke mayar da wani sashe na haske, fatar ɗan itacen ta ragu da 'yan digiri. Feshin farko kilo 5 a lita 100 na ruwa, wato giram 800 a famfon goyo mai lita 16. Na biye kilo 3 a lita 100, kimanin rabin kilo a famfo, bayan kwana 10 zuwa 14, saboda ɗan itacen na girma lulluɓin na tsagewa. A dama shi a bokiti tukuna, a tace da ƙyalle, a riƙa girgiza famfon ana tafe don yana kwantawa. A fi ba yamma da kudu ƙarfi. Kuma kafin zafi ake fara shi, wajen ƙarshen Fabrairu. Bayan ƙuna ba abin da yake yi.

Akwai kawolin a ƙasa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi, amma ɗanyen da aka haƙo ba ɗaya yake da wanda aka tace don feshi ba. Yana da yashi da ke toshe bakin famfo ya cinye shi. Mai son gwada shi ya jiƙa, ya bar yashin ya kwanta, ya tsiyaye farin ruwan sama, ya fesa wa bishiya biyu ko uku, ya jira mako guda ya ga ganye. Sannan a sani dole a goge ko a wanke 'ya'yan kafin kasuwa, mai saye na ganin fari zai ce guba ce.

A bishiyoyi masu shekara 4 da hannu ke kaiwa, ni na fi son jakar takarda a kan kawolin. Takarda fara ko ruwan ƙasa mai haske, a sa wa mangwaro yana girman ƙwan kaza, bayan zubar farko ta wuce, a ɗaure a kan hanci, a yanke kusurwar ƙasa don ruwa ya fita. Tana tare rana, tana kuma tare ƙudan da ke sa tsutsa, wanda shi ne babbar matsalar Kent da ke kaiwa farkon damina. Ba sai an sa wa duka ba, na waje ta yamma da na sama su ne masu bukata. In ana son Kent ya yi jan kumatu, a cire jakar saura kwanaki kaɗan a tsinka, da yamma, kuma ba a ranar da zafi ya tsananta ba.

Abu ɗaya da ban yarda da Ɗan Fadama ba shi ne masara a wannan lambun. A filin tumatir zalla tana da kyau. Tsakanin bishiyoyi masu shekara 3 kuwa za ta ƙwace musu ruwa a watan da suka fi bukatarsa. Gara zana a nan, sannan a dasa layin darbejiya a iyakar gabas da arewa don busasshiyar iska, nesa da layin farko da aƙalla mita 8, saboda saiwarta na tafiya.

Malamin Gona

Hajiya ta yi gaskiya kan masarar, in burtsatsen ba ya ba da ruwan da zai ishi duka.

Ƙari kan feshi, tunda Malam ya riga ya fara: maganin da ke da farar wuta, da duk mai mai a ciki har da man darbejiya, suna ƙona ganye da 'ya'ya in zafi ya wuce digiri 30 zuwa 32. Kada a haɗa su, kada kuma a bi ɗaya da ɗaya sai an bar aƙalla mako 2 tsakani. Irin wannan ƙunar ana gane ta da siffar ɗigo ko zobe a inda maganin ya taru ya bushe, sau da yawa a ƙasan ɗan itacen. A fesa dab da magariba, kuma bishiyar ta sha ruwa kwana ɗaya kafin nan.

Rana ba ta daina ɓarna don an tsinka. Duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin lalacewar ɗan itace sau 2 zuwa 3, kuma wanda aka ciro daga cikin ganye aka ajiye a fili shi ne ainihin mai kamuwa da ƙuna ta ukun nan, cikin sa'a ɗaya ko biyu. A tsinka daga asuba zuwa hantsi, a kafa rumfa a bakin lambu, kowane kwando ya shiga inuwa da zarar ya cika. Mangwaro a yanke shi da hanci mai tsawon santimita 5, a rumfa a datse hancin, a kife shi kan katako ko raga na kimanin rabin sa'a ƙaron ya tsiyaye bai taɓa fata ba. A mota a rufe da tabarma ko jiƙaƙƙen buhun algarara, a bar iska tana shiga, ba baƙar tamfol ba, kuma a yi tafiyar dare in da hali.